Ranar da rafi ya tare mai bishara

Jikata, saƙonki ya iso. Wai ko al'adarmu ta Methodist ta yarda mace ta hau mumbari, tunda kina son shiga makarantar tauhidi, kawunnanki kuma sun ce ba a saba ba. Na yi dariya da na ji, amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Ina 'yar shekara 12, a ƙauyenmu can wajen Bambur, aka kwana ana ruwa daren Lahadi. Mai bishararmu ya je jana'iza ƙetare, rafi ya cika ya tare shi. Da safe aka buga ƙarfe, majami'a ta cika maƙil, maza gefe guda, mata gefe guda, a kan dakalan laka masu sanyi. Aka yi waƙa uku, aka ƙara ta huɗu. Dattawa sai kallon juna suke, don babu wanda karatunsa ya nuna. Can sai goggona, shugabar Zumuntar Mata, wadda ta koyi karatu a ajin mishan da goyo a bayanta, ta ajiye tulun da take bugawa, ta gyara ɗankwali, ta fito. Ba ta hau mumbari ba. A ƙasa ta tsaya, ta buɗe Yahaya 20, tana bin layi da yatsa, ta karanta yadda aka aiki Maryamu Magadaliya da labarin tashin Ubangiji. Muryarta na rawa da fari, daga baya ta daidaita. Wani dattijo ya fice a fusace, sai ga shi tsaye bakin taga har aka yi addu'ar rufewa.

Da aka yi mata surutu, cewa ta yi, “Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.” Ba ta ƙara ba.

Sai da na girma na ji ashe abin a gida ya samo asali. Susanna, mahaifiyar John Wesley wanda ya kafa Methodist, in mijinta ya yi tafiya, mutane takan tara don ibada a gidanta a Epworth ta Ingila, har kusan 200. Shi Wesley ɗin ya amince wa wata mata, Sarah Mallet, ta yi wa'azi a 1787. Bayan rasuwarsa aka matsa wa mata a 1803, kuma ikilisiyar Methodist ta Ingila ba ta naɗa su Rabaran ba sai 1974. A 2008 aka zaɓi Joaquina Nhanala ta Mozambik bishop.

Abin da ke damuna daban ne. Ku yaran yanzu farar kwala kuke fara tambaya, da a kira ku Rabaran. Goggo ta yi shekara 30 tana zaga marasa lafiya da kunu a ƙwarya, tana wankan gawar da ba ta da kowa. Ke yaushe rabonki da taron Zumunta? Mahaifiyata takan ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kaɗai kika san abin da ke kiranki.

Ki zo Kirsimeti, ki fara gaida kawunki babba kafin ki shigo wurina. Littafi Mai Tsarkin Goggo yana cikin akwatina, shafin nan har yau da tabon yatsanta.