Me ya sa ƙwarin ruwa suka ragu a rafinmu?

Malam, ka ce ƙwarin ruwa sun ragu tun da aka fara noma har bakin rafinku. Laka ce babbar mai laifi. Idan aka sare bishiyoyin gaɓa, ruwan sama kan kwaso ƙasa ya binne duwatsun da 'ya'yan ƙwarin ke maƙalewa a ƙarƙashinsu. Takin zamani kuma gansakuka yake haifarwa, tana ruɓewa sai iskar cikin ruwan ta yi ƙasa. Maganin feshi kuwa, kisa ne kai tsaye.

Leƙa Kogin Challawa a Kano, inda ruwan masana'antun jima ke kwarara, ka tona lakar: jajayen tsutsotsin nan masu jure ƙarancin iska za ka fi gani. Kifi ma sai ya ragu, tunda ƙwarin ne abincinsa.