Amsa ga Alhaji kan maganar Katar da sarauta

Salamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, na saurari muryarka ta bayan Isha'i, inda kake cewa zaɓe ne ya hana Gana ci gaba, a dubi Katar, sarki ɗaya ke magana kowa ya ƙoshi, mu kuwa ga mai ga zinariya ga koko amma kullum muna ƙofar IMF. To ni abin da na ji a ƙarƙashin maganar, yaran nan ne na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi da ke ta haɗa kuɗin tafiya Katar. Zan zo kansu. Bari mu fara da sarautar.

Alhaji, don Allah a yi lissafi tukuna. Mutanen da ke zaune a Katar kusan miliyan 3 ne, amma 'yan ƙasa na asali, masu fasfo, dubu 300 ne da wani abu. Sauran duk baƙi ne 'yan ƙwadago. Iskar gas da masana'antunsu ke iya fitarwa tan miliyan 77 ce a shekara. Raba ka gani, kowane ɗan ƙasa sama da tan 200 ke faɗowa a kansa. Mu fa? Ƙidayar 2021 ta ce mun kai miliyan 30.8. Man rijiyoyinmu na Jubilee da TEN da Sankofa duka, shekarar da ya fi yawa, 2019, ganga miliyan 71 ne, a 2024 ya sauko wajen miliyan 48. Ganga ɗaya da rabi ke nan ga kowane mutum a shekara, kuma ba duka namu ba ne, kamfanonin da suka haƙa suna da kasonsu. Kuɗin da ke shiga hannun gwamnati bai kai dala biliyan ɗaya da rabi ba a shekara, ko a shekara mai kyau. Ko dala 50 kowa ba zai samu ba. Tukunyar tuwon da ta ƙosar da gida ɗaya, ka ɗauke ta ka kai wajen suna a zango, ko sarki ne ya riƙe mara ba za ta kai ba.

Kuma in mulkin mutum ɗaya ne ke kawo arziki, ga Ikwatoriyal Gini nan, shugaba ɗaya tun 1979, ga mai, mutanen ba su da yawa, je ka ga yadda talakansu yake. Ga Norwe kuma, zaɓe suke yi kamar mu, suna da asusun mai tun 1990, ƙa'idarsu wajen kashi 3 cikin ɗari kawai ake taɓawa a shekara.

Abin da Katar ta yi da ya cancanci a koya, a gas ɗin yake, kuma nan ne mutane ba sa son saurare. An gano babban filin gas ɗinsu na arewa, a cikin teku, a 1971, shekarar da suka samu 'yancin kai. Ya zauna sama da shekara ashirin ba a sayar wa duniya ba. Me ya sa? Don gas ba mai ba ne da za ka zuba a tanka ka tura. Sai ka fara wanke shi, ka cire ruwa, ka cire farar wuta da sauran datti, don in ka bar su za su daskare su toshe bututu. Sannan ka sanyaya shi har digiri 162 ƙasa da sifili, ya zama ruwa, girmansa ya ragu sau 600. Sannan jirgin ruwa na musamman mai riƙe wannan sanyi. Sannan can inda za a kai, su ma sai sun gina tashar mayar da shi iska. Kowanne a cikin waɗannan biliyoyin dala ne, kuma in ɗaya ya rasa sauran sun zama banza. Banki ba zai ba ka bashi ba sai ka nuna mai saye ya sa hannu na dogon lokaci. Wani kamfanin lantarki na Japan ne ya fara sa musu hannu, na shekara 25. Jirgin farko ya tashi daga Ras Lafan a ƙarshen 1996. Sun ci bashi sosai a lokacin fa, kuma a 1998 farashin mai ya faɗi ƙasa warwas, sun ji jiki. Sai 2010 suka kai tan miliyan 77 ɗin. Har yanzu haka suke sayarwa, a 2022 sun ƙulla da Sinopec na Sin na shekara 27, tan miliyan 4 duk shekara. Kun ji ko? Shekara 27. Mu nan Jubilee ta fara fitar da mai a Disambar 2010, masana'antar gas ta Atuabo ba ta shirya ba sai bayan shekara huɗu, ana neman yadda za a yi da gas a teku, mu kuma muna zaune cikin dumso, wato yawan ɗauke wuta. Wannan abin har gobe yana min ciwo. Dokar kuɗin mai ta 2011 ma ba laifinta, ta ce a sa har kashi 70 a kasafi, ragowar a raba tsakanin asusun ko-ta-kwana da asusun 'yan baya. Matsalar... to, bar wannan, wata rana.

Siyasar tasu kuwa, gidan Al Sani ne ke mulki. Sheikh Hamad ya karɓe daga hannun mahaifinsa a 1995 lokacin uban yana waje, shi kuma ya miƙa wa ɗansa Sheikh Tamim a 2013. Babu jam'iyya. Akwai majalisar Shura mai kujera 45. A 2021 an yi zaɓen 30 daga ciki, karo na farko, amma tsayawa takara sai wanda gidansu yake ƙasar tun kafin 1930, abin ya jawo ƙorafi a wajen wasu 'yan ƙabilar Al Murra. A Nuwambar 2024 aka yi ƙuri'ar raba gardama aka soke zaɓen, aka koma sarki ya naɗa duka. Yadda abin ke tsaye shi ne gwamnati ba ta cin harajin albashi, ɗan ƙasa ba ya biyan wuta da ruwa, ga makaranta ga asibiti ga aikin gwamnati. Wanda ba a karɓar masa komai, ana ma ba shi, da wuya ya ce a kawo lissafi. Mu kuwa gwamnatinmu da kuɗin mai shago a Kejetia da kuɗin fito na Tema take rayuwa. Ka cire zaɓe a nan, harajin zai ci gaba, bakin tambaya ne kawai ka rufe.

Rarar kuɗin suna zuba ta a asusun zuba jari da suka kafa a 2005, shi ya sa riyal ɗinsu yake daram a 3.64 kan dala. Shi ne ma ya riƙe su a 2017 da Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka rufe musu hanya har zuwa Janairun 2021. Iyakarsu ta ƙasa ɗaya ce, da Saudiyya, sai da suka riƙa shigo da shanun madara a jirgin sama.

To yanzu yaran. Ƙannena, duk wannan daɗin da na lissafa na ɗan ƙasa ne, kai da ka je cikin baƙin nan 'yan ƙwadago, kashi tara cikin goma, za ka faɗa. Zama ɗan ƙasa sai ka yi shekara 25, kuma mutum 50 kawai doka ta yarda a ba a shekara. Mafi ƙarancin albashi tun Maris 2021 riyal 1,000 ne, wajen dala 275. In kamfani bai ba ka ɗaki ba zai ƙara 500, in bai ba ka abinci ba 300. Ejan da ya ce maka dubu uku, ka ce ya nuna inda aka rubuta, albashin asali daban, kuɗin ƙarin lokaci daban, don nan suke haɗawa su ruɗe ka. A dokar can, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin ɗauka, ba kai ba, amma ejan ɗin nan za su sa uwa ta sayar da fili. Riƙe fasfonka laifi ne. Tun 2020 kana iya canza aiki ba sai da takardar amincewar mai gida ba, a takarda dai haka ne, a zahiri wasu sukan kai ƙarar cewa ka gudu, don haka ka bi ta ma'aikatar ƙwadago ka ba da notis, kar ka fice kawai. Baƙo ba ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi, wanda ya sa ka yi ya karya doka. Kuma bizar ziyara ba ta aiki ba ce, ko me ejan ya rantse.

Alhaji, wanda duk aka ba takardar kwantiragi, a ɗauki hotonta shafi-shafi a turo nan, har da wurin sunan kamfani da wurin albashi, mu karanta kafin a biya ko sidi ɗaya. Wassalam.