Bambancin "borrow" da "lend"

Ka tambaya ko daidai ne a ce "borrow me your pen". A'a, kuskure ne, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa yin sa ba. Abin da ke ruɗa mu shi ne a Hausa kalma ɗaya ke ɗaukar duka biyun: na ari biro, na ara masa biro. Turanci kuwa ya raba su. Mai karɓa ne ke "borrow", mai bayarwa ke "lend". Sai ka ce "lend me your pen", ko "can I borrow your pen?"

In aron ya riga ya wuce, "lend" na komawa "lent", ba "lended" ba. Ni kaina na daɗe ina wannan kwaɓar kafin wani malami ya gyara mini.