Ɗan Kumbon da Ya Hana Tela Ɗinki

Wasiƙu uku ne suka iso ni a makon nan daga garuruwa uku na arewacin Kamaru, kuma duka a kan abu guda: wasan harbin nan da ake buɗewa a intanet ba sai an sauke komai a waya ba. Na fara da ta telan Garwa, don ita ce ta fi tsaya mini a rai.

"Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a unguwar Yelwa, Garwa. Ƙanena ne ya turo mini wani wasa ta WhatsApp, ana dannawa yake buɗewa a Chrome. Ɗan kumbo ne a ƙasan allo, wasu ƙwari na saukowa daga sama kana harbinsu. Ba shi da wani kyan gani, kamar zanen yara. Amma wallahi mako uku ke nan ya hana ni sakat. Shekaranjiya bayan azahar na ce bari in yi sau ɗaya kafin in yanka shaddar wani Alhaji, ban ɗago kai ba sai da na ji kiran la'asar. Yanzu duk sanda na mutu sai ya ce in biya sefa 500 a ba ni rai biyar in ci gaba daga inda na tsaya. Ni kuma gani nake in na kai ƙarshensa sau ɗaya zan huta. In biya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka biya. Ƙarshen da kake hange, a yawancin wasanni irin wannan, babu shi. Ka share ayari ɗaya, wani ya sauko da ya fi shi gudu, haka za a yi ta yi har ranka na ƙarshe ya tafi. Haka aka ƙera kakansu tun farko.

Kakan nasu shi ne Space Invaders, wanda wani injiniya ɗan Japan mai suna Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito a 1978. Akwati ne dogo kamar durowa, ana ajiye shi a shaguna da wuraren shan shayi, kana jefa kwabon yen 100 ya ba ka damar wasa. Ka yi tunani irin na ɗan kasuwa. Mai akwatin ba ya son ka zauna awa biyu a kan kwabo ɗaya, ba ya kuma son ka mutu nan take ka yi zuciya ka tafi. So yake ka ɗan daɗe, ka ji hannunka ya fara faɗawa, sannan ka mutu a daidai inda za ka ce "kai, saura kaɗan!" ka laluba aljihu. Duk dabarar wasan a wannan "saura kaɗan" ɗin take.

A wancan wasan dodanni 55 ne, layi 5, kowane layi da 11. Suna tafiya gefe, in sun kai bango su sauko taki ɗaya su juyo. Da farko a hankali suke, kamar raƙuma. Kana rage su suna ƙara sauri, har na ƙarshe ya riƙa gilmawa kamar ƙuda. Asalin wannan ba da gangan ba ne: injin akwatin ne ba shi da ƙarfi, in dodannin na da yawa zana su na yi masa nauyi, in sun ragu sai ya samu sauƙi ya yi gudu. Nishikado ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, ya bar shi haka. Aka kuma sa wani sauti mai kauri, bugu huɗu da ke maimaituwa, yana ƙara sauri tare da su kamar bugun zuciya. Ka ga a nan, ƙwarewarka ita ke jawo maka wahala, kuma kowace mutuwa sai ka ga laifinka ne, ba na wasan ba: da na kauce hagu, da ban yi gaggawar harbi ba. Mutum in ya ga kuskurensa ƙarara a gabansa, zuciyarsa ba ta barinsa ya tashi bai gyara ba. Kai tela ne, ka san yadda ɗinkin aljihu in ya karkace yake tsaya maka a ido har sai ka farke shi.

Shi ya sa rashin kyan ganin da ka raina ba aibi ba ne a wurinsa, makaminsa ne. Babu labarin da za ka bi, babu darasin da za ka koya, yatsa ɗaya ya isa. Sai kuma makin da ke saman allo, wanda tun zamanin akwatunan nan yake sa mutane komawa don su wuce na jiya. Waɗanda suka biyo baya, irin Galaxian a 1979 da Galaga a 1981, sun ƙara launi da ƙwarin da ke ɓallewa daga layi su rugo maka, na yanzu kuma sun ƙara kyaututtukan da ke faɗowa ba ka san yaushe ba: yau harsashi biyu, gobe garkuwa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa kyautar da ba a san ranar zuwanta ba ta fi riƙe mutum a kan wadda aka san lokacinta. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Na nemi irinsa na gwada kafin in amsa maka, don kada in yi maganar abin da ban taɓa ba. Daren zafi ne, babu wuta, ina kan tabarma a tsakar gida. Abin da na sa wa ido shi ne tsakanin mutuwa da sake farawa. Kumbona ya tarwatse, allon ya yi ja, kafin numfashina ya sauka madannin "sake" ya fito daidai ƙarƙashin babban yatsana, a wurin da yatsan yake tun dā. Ban yanke shawarar sakewa ba, na dai tarar na sake. Na tuna Space Impact da muke yi a Nokia 3310, shi ma da jan hankali, amma ko ba komai sai ka bi ta cikin jerin abubuwan waya kafin ka kai gare shi, kuma wayar ta yayanka ce, zai karɓe.

A nan bambancin yake, kuma shi nake so ka riƙe. Yaron Tokyo na 1978 yana da birki: in kwabbansa sun ƙare, dole ya tafi gida. Akwai na bayansa a layi, akwai lokacin rufe shago. Wanda ke cikin wayarka an bar masa duk abin da ke ja, an cire duk abin da ke tsayarwa. Birki ɗaya da ya rage maka shi ne mutuwar nan da ke mayar da kai farko, wadda ke sa wani lokaci ka ji haushi ka ajiye wayar. To sefa 500 ɗin da ake nema, kuɗin cire wannan birkin ne. Za ka biya, ka wuce inda ka tsaya, ka tarar da ayarin da ya fi ƙarfinka domin da kuɗi ka kai wurin ba da ƙwarewa ba, rai biyar ɗin su tafi cikin minti biyu, a sake miƙo maka hannu.

Akwai kuma abin da ya fi 500 ɗin tsada. Shafin da ba ka san mai shi ba in ya ce ka rubuta lambar wayarka ka tabbatar da saƙo, sau da yawa rajista ce ta abin da za a riƙa cire maka kuɗi kullum daga kiredi. Lambar sirrin Orange Money ko MoMo kuwa, ba a rubuta ta a shafin wasa, ko me aka yi maka alkawari.

Ban ce ka goge shi ba, wasa ne mai daɗi kuma babu sharri a jikinsa. Ka mayar masa da birkinsa. Daga buɗe shago zuwa rufewa, wayar ta zauna a cikin durowar zare, ƙarar kira a buɗe saboda masu kaya. In za ka yi, ka yi bayan ka rufe, kuma ka ƙidaya da wasa ba da agogo ba: maɓallai uku a kan tebur, kowace mutuwa ka ɗauke ɗaya, in sun ƙare an tashi. Kada ka bar shafin a buɗe a Chrome, rufe shi duk sanda ka gama, ka goge saƙon da ya zo da shi, yadda sai ka yi wahalar nema kafin ka shiga. Shaddar Alhaji kuma ka yanka ta da safe, idonka bai gaji ba.

"Malam, ina gaisuwa. Ni uwa ce daga Domayo, Marwa. Ɗana na ajin da zai rubuta jarrabawar BEPC bana. Yana irin wannan wasan a tsohuwar wayata, kullum ƙorafi wai tana maƙalewa tana sa a kashe shi. Ya dame ni in saya masa sabuwa, ko kuma abin riƙewan nan na wasa da ake haɗawa da waya. Ina da sefa 40,000 na adashi. Yaron ba ya rashin ji, amma barcinsa ya lalace."

Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ki riƙe kuɗin adashinki tukuna. Wasan asali, wato Space Invaders, gaba ɗayansa bai wuce kilobait 8 ba, hoto ɗaya da ake turo miki a WhatsApp ya ninka shi sau da yawa. Na yanzu sun fi shi nauyi, amma da wuya a ce wayar da ke buɗe Facebook ta kasa ɗaukarsu. Abin da ke sa maƙalewar yawanci tallace-tallacen bidiyo ne da ke gudu a gefen shafin, ko shafuka da yawa da aka bari a buɗe, ko zafi. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta lalace, kuma kin san Marwa a watan Maris da Afrilu, ma'aunin zafi na haura 40. Yaro ya saka ta a caji yana wasa, a kan katifa, cikin riga ta roba, ai dole ta yi nauyi, batirin ma na iya kumbura. Abin riƙewan kuma ba kowane wasan shafi ne ke gane shi ba, da yawa an yi su ne don taɓa allo ko madannan kwamfuta. In har za a saya wata rana, a je da wayar shago, a haɗa, a buɗe wasan a gaban mai sayarwa.

Amma kalmar ƙarshe ta wasiƙarki ita ce ta dame ni, barci. Kada ki tsorata da maganar jaraba da ake yawan yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da larurar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019, sai dai ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarna, kuma a saba ganin haka ya kai kamar wata 12. Yaron da ke zuwa makaranta, yana aike, yana ƙwallo da abokansa, bai kai nan ba. Gyaransa ƙarami ne: wayar ta kwana a ɗakinki. Bayan isha'i ya kawo ta, ya karɓa in ya dawo makaranta. Wayoyin Android da yawa suna da wurin sa wa kowace manhaja iyakar lokaci a cikin saiti, ki sa wani babba a gidan ya duba miki. Ki kuma zauna kusa da shi rana ɗaya ya nuna miki makinsa, ki tambaye shi yadda ake kauce wa harsashi. Yaron da aka yaba wa ƙwarewarsa ya fi saurin miƙo waya a kan wanda aka kira ɗan banza. Maganar sabuwar waya ki ɗaura ta a bayan jarrabawa, ki faɗa masa haka a fili, ki cika in lokacin ya yi.

"Malam, ni ɗan acaba ne a Kusri, ina yawan jiran fasinja wajen gadar Ngeli. Wasan nan na cinye mini mega da caji. Na ga wata 'yar na'urar wasa a kasuwa an rubuta wasanni 400 a kwalinta. Ta fi?"

Ƙanena, fara da gwaji na kyauta. Buɗe wasan, ka jira ya gama shigowa, ka kashe data. Da yawansu suna ci gaba da aiki haka, domin talla ce ke shan mega, ba harbin ba. Sai dai kai aikinka na buƙatar wayarka da caji a kowane lokaci, don haka a ganina 'yar na'urar ta fi maka. Ba ta son intanet, ba ta da talla, ba ta neman lambarka, kuma da yawansu batirinsu irin na tsohuwar Nokia ne da ake cirewa, ana samunsa a ko'ina. Kada 400 ɗin ya ruɗe ka, in ka bi jerin za ka ga wasa ɗaya an maimaita shi da sunaye daban-daban. Ka kunna ta a wurin, ka danna kowane madanni, musamman na hagu da dama da na harbi don su ke fara mutuwa, ka kalli allon a cikin rana ba a inuwar rumfa ba, tunda a rana za ka riƙa zama. In fasinja ya hau, ka jefa ta cikin akwatin babur ka rufe.