Ina da lasin gida, zan iya canja shi in hau mashin a Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ɗan Kano ne, wata biyar kenan da zuwa na Jidda, igama, wato takardar izinin zama, ta fito alhamdulillahi. Ina da lasin tuƙi na Najeriya wanda bai mutu ba, saura shekara biyu, kuma na yi acaɓa kusan shekara shida kafin a hana. Yanzu ina so in sayi dabbab, wato mashin, in riƙa zuwa aiki, in hali ya yi in shiga kai abinci. Wani ya ce min kawai in kai lasina Murur, wato 'yan sandan hanya, su canja min da na nan ba sai na yi gwaji ba, dan Allah gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Kafin komai ciro lasin nan daga aljihu ka duba wurin da aka rubuta rukuni, wane harafi ne a ciki? Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo min da wannan magana kenan, kuma yawanci daga nan hira take sauya salo. Lasin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take bayarwa rukuni-rukuni ne, A shi ne na babur, B na ƙaramar mota. Mutanenmu kuwa kusan duk wanda ka ga yana da lasi to B ne, don a gida ba wanda ya ɗauki mashin a abin da ake yi wa takarda, yaro ya koya a lungu a kan Jincheng ɗin yayansa shikenan ya zama direba. Tunda ka ce ka yi acaɓa kafin a hana ta a Kano, wato kafin farkon 2013, ina kyautata zaton kai ma hannu gare ka ba takarda ba. In B ne a jikin katinka to ba ma maganar canji, domin a Saudiyya rukhsa, wato lasin tuƙi, ta mashin daban take da ta mota, ko Basaudiyen da ya shekara talatin yana jan mota in zai hau dabbab sai ya nemi tasa.

To a ce ma A ɗin ne da kai. Abin da mutumin nan ya gaya maka akwai shi, amma ba da mu ake ba. Murur suna da jerin ƙasashen da suka yarda da lasinsu, irin su ƙasashen Galf, Amurka, Ingila, Jamus, Faransa, Japan da makamantansu, su ne ake karɓar nasu a ba su na nan ba tare da sun zauna gwajin tuƙi ba, gwajin lafiya kawai da biyan kuɗi. Najeriya ba ta ciki. Wannan ba zai sa ka jefar da katinka ba fa, yana da ranarsa, amfaninsa shi ne ya nuna kai ba sabon shiga ba ne, in ka je makarantar tuƙi aka yi maka abin da suke kira tahdid mustawa, wato a gwada hannunka a ga matakin da kake, sai a rage maka awannin koyo maimakon a fara da kai daga farko. Don haka ka kai shi maktab tarjama wanda aka amince da shi a fassara shi zuwa Larabci a buga hatimi, ka riƙe asalin katin kar ka tafi da fotokwafi kaɗai.

Akwai kuma masu cewa ai doka ta ba baƙo shekara guda ya yi tuƙi da lasin ƙasarsa ko na ƙasa da ƙasa. Haka ne, amma wannan sassauci na mai ziyara ne. Kai da igama ta fito ka zama mazauni, kar ka jingina da wannan maganar, ranar da tsautsayi ya faɗa aka kira Najm, wato masu zuwa duba haɗari a madadin kamfanonin inshora, su ne za su fara tambayar rukhsa, in babu wacce ta dace da abin da kake kai kamfanin inshora zai iya dawo maka da kuɗin gyaran motar mutane a wuyanka, kuma ka san motocin da ke yawo a titin Tahliya ba irin wanda albashin wata ke gyara musu fitila ba ne.

Hanyar kanta ba wuya, jira ne kawai da zirga-zirga. Igamarka ta zama da rai, ka buɗe Absher, manhajar ayyukan gwamnati, da lambar wayar da ke kan sunanka, shekarunka sun kai 18. Ka je asibitin da aka amince da shi a duba ido da rukunin jini, su da kansu suke tura sakamakon ta Efada, wato ta intanet, ba sai ka ɗauko takarda ba. Sai ka kama layi ta Absher a makarantar tuƙi, a Jidda Dallah ce aka fi sani, amma ka tabbatar reshen da ka zaɓa yana koyar da darraja nariyya, wato mashin, don ba kowane reshe ke da filin mashin ba, mutane da yawa sun ɓata rana guda a kan wannan. Kuɗin rukhsar ta tsarin biyan kuɗi na SADAD ake biya a manhajar banki, riyal 20 ne a shekara na mashin, na makaranta daban. In akwai mukhalafa, wato tarar laifin hanya, a kan lambar igamarka sai ka biya ta tukuna, in ba haka ba na'ura ba za ta wuce da kai ba.

Wurin da tsofaffin 'yan acaɓa suke faɗuwa shi ne gwajin, kuma abin dariya ne wallahi, mutumin da zai ratsa Kantin Kwari da fasinja biyu da buhun masara sai ka ga ya kasa a fili fetal ba kowa. Dalili kuwa ba gudu ake nema ba, ba iya kutse ba. Ana so a ga ka tafi a hankali ba ka sauke ƙafa ba, ka sa sigina kafin kwana, ka waiga, ka tsaya cak inda aka ce a tsaya. Mu kuwa mun saba da jan ƙafa a ƙasa da hon a madadin birki. Ka samu fili ka yi kwana biyu kana horar da kanka tafiyar hawainiya, sannan ka zauna ka haddace alamomin hanya don akwai gwajin kwamfuta, wanda bai iya karatu sosai ba ya nemi mai zama da shi ya koya masa tun kafin ranar.

Tuƙi ba rukhsa tararsa daga riyal 1000 zuwa 2000 ne, rashin hular kwano ma haka, ga shi mashin ɗin kansa sai da istimara, wato takardar rajista, da lamba da inshora. Kar ka sayi dabbab ɗin da ba takarda don ka ga araha a haraj, kasuwar kayan hannu, in aka kama ya tafi kenan.

Maganar kai abinci kuma wata ƙofa ce daban wacce rukhsa kaɗai ba ta buɗe ta. Tun 2024 hukumar sufuri ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba yin wannan aiki da gashin kansa, dole sai ta ƙarƙashin kamfanin da ke da izini, da kayan aikinsu a jikinka. Irin abin da ake yi a da, ka karɓi asusun wani na manhajar kai abinci irin HungerStation ko Jahez ka riƙa aiki kuna rabawa, yanzu neman tarhil ne, wato a koro ka gida, da kuɗinka. In da gaske kake sai ka fara magana da kafilinka a kan naƙalin kafala, wato a mayar da kai ƙarƙashin irin waɗannan kamfanoni. Ɗaukar fasinja kuwa irin na gida ka cire shi a ranka gaba ɗaya, ko waɗanda kake gani lokacin Hajji suna jigilar alhazai tsakanin Aziziyya da Mina a ɓoye suke yi, kuma ana kwashe mashinansu.

Ka duba harafin nan ka sake rubuto min, in B ne to ka fara neman rukhsar mota da shi tunda nan ne zai rage maka awanni, ta mashin kuma ka shiga a matsayin sabon ɗalibi.