Yatsan da ke maƙalewa idan an dunƙule hannu

Tambaya: Likita, ni tela ce, shekaruna 52, kuma ina da ciwon suga. Kusan wata uku ke nan yatsan zobe na hannun damana yana maƙalewa da safe, sai na sa ɗaya hannun na miƙe shi, ya yi ƙas da zafi. Targaɗe ne ko sanyin ƙashi?

Amsa: Hajiya, bisa bayaninki wannan ba targaɗe ba ne, kuma matsalar ba ta cikin ƙashi. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa tana bi ta cikin wasu ƴan zobba da ke riƙe ta a jikin ƙashi, kuma na farkonsu yana tafin hannu, daidai gindin yatsa. Idan wannan zoben ya yi kauri ya matse, ko jijiyar ta kumbura ta yi ƙulli, sai ta riƙa wucewa da ƙyar, kamar zare mai ƙulli a kafar allura. Ƙarar da kike ji ita ce lokacin da ƙullin ya kuɓuce. Wani likitan Faransa, Alphonse Notta, ya bayyana ciwon tun 1850.

Ciwon ya fi kama mata masu shekara 40 zuwa 60, musamman a yatsan zobe da babban yatsa, kuma ya fi yawa ga masu ciwon suga. Riƙon almakashi na tsawon yini yana iya ƙara tsananta shi.

Ba a cika bukatar hoton ƙashi kafin a gane shi ba. Likita zai danna gindin yatsan a tafin hannu, ya ce ki dunƙule ki buɗe, kuma sau da yawa zai ji ƙullin yana motsi a ƙarƙashin yatsarsa, wurin kuma yana yi miki zafi.

Ana fara magani ne da sassauta aikin da ke sa matse hannu, tare da ɗaura abin da zai riƙe yatsan a miƙe da dare na kimanin mako 6. Maganin rage zafi yana sauƙaƙa ciwo, amma ba ya buɗe zoben, kuma kada ki sha irin su ibuprofen sai likitanki ya duba lafiyar ƙodarki. Ina roƙonki kada ki kai yatsan wurin mai ɗori a ja shi da ƙarfi, domin babu abin da ya goce, ja kuwa kumburi kawai zai ƙara.

Idan hakan bai wadatar ba, sai a yi allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, a gindin yatsan, wadda takan warkar da mutane da dama. A nan ne ciwon sugarki ya shigo: allurar tana iya ɗaga suga na ƴan kwanaki, saboda haka dole ki riƙa aunawa, sannan amfaninta ga masu suga bai kai na sauran mutane ba. Idan an yi ta sau ɗaya ko biyu ciwon ya dawo, ko yatsan ya kulle ya ƙi miƙewa sam, ƙaramar tiyata ce mafita. Ana kashe zafin wurin kawai, a tsaga zoben da ya matse, ki koma gida a ranar, a cire ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14.

Amma idan yatsan ya kumbura gaba ɗaya, ya yi ja, yana zogi ko da zazzaɓi, ki je asibiti a ranar, domin wannan alamar ƙwayoyin cuta ce a kuben da jijiyar ke bi ta cikinsa, kuma ga mai ciwon suga ba ta jiran gobe.