Barewa da ɗanta, talaka da matalauci

Wani mai karatu daga Aboabo, Kumasi, ya rubuto: "Malam, kakana dako ya yi, mahaifina ma haka, ni kuma ina tura baro a kasuwar Kejetia. Abokina ya ce mini barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wato talauci ma gadonsa ake yi?"

Ɗan'uwa, abokinka ya ɗora wa karin maganar nan kayan da ba nata ba. Bahaushe na faɗinta ne wajen yabo ko mamaki, idan ya ga ɗa ya ɗauko hali ko gwanintar iyayensa: ɗan maƙeri ya riƙe guduma tun kafin ya yi wayo, ɗiyar mai waina ta juya tanda ba tare da ta ƙone yatsa ba. Gudun barewa a jininta yake. Talauci kuwa ba a jini yake ba, kuma raina yana ɓaci idan na ji ana rufe bakin matasa da wannan magana.

Da a jini yake, da ƙasashe ba su bambanta ba. A 2018 ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta ƙiyasta zuriya nawa gidan mai ƙaramin ƙarfi zai ɗauka kafin ya kai matsakaicin samu na ƙasarsa: 2 a Denmak, 5 a Amurka, 9 a Afirka ta Kudu da Burazil, 11 a Kolambiya. Inda tazarar mai kuɗi da mara shi ta fi faɗi, galibi nan ne hawa ya fi wuya. A ma'aunin Gini, mai auna wannan tazarar, wanda ke tashi daga 0 zuwa 100 gwargwadon faɗinta, Bankin Duniya ya ba Afirka ta Kudu 63 a 2014, Gana 43.5 a 2016, Denmak kuma ba ta kai 30 ba. Makaranta mai kyau, asibiti, da albashin da ke bin farashi su ne tsanin. Mu ma shaida ne: a Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, mai gida da fili ya ƙara kuɗin haya, ɗan dako kuwa ya rage kwanon abinci. Karin maganar da ta dace da kai ita ce "samu ya fi iyawa".

Wata baiwar Allah daga Nima, Akkara, ta tambayi bambancin talaka da matalauci. A asali talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da dukiya gare shi. Fataken da suka yi safarar goro daga Salaga zuwa Kano, wasunsu sun fi hakimai kuɗi, amma a fada talakawa ne. Matalauci shi ne wanda hannunsa bai kai bakinsa ba. Yau kalmomin sun cuɗe a bakin jama'a, har mutum ya ce "ni talaka ne" yana nufin aljihunsa, ba matsayinsa a gaban sarkin zango ba.